MOTA DA HANYA: Ina mazaunin kare a motar iyali?

Akwai wata tambaya da ba a cika jin ta ba a wuraren sayar da motoci na Yamai ko na Maraɗi. Mai saye yakan tambayi shekarar mota, da yawan man da take sha, da ko ana samun kayan gyaranta a kasuwa, da ko takardunta na duwan sun cika. Amma ko da yana da kare a gida, ba safai yake tunanin inda karen zai zauna ba, sai ranar da tafiya ta kama shi. Alhali kuwa Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

A ɗauki misalin ma'aikacin gwamnati da takardar canjin wurin aiki ta same shi, daga Yamai zuwa Damagaram, tafiyar kusan kilomita 900. An loda gadaje da kujeru a babbar mota, ta yi gaba tun jiya. Saura shi da uwargida da yara uku, sai kuma karen da ya shekara biyar yana gadin ƙofar gida. Da asuba an tsaya cirko-cirko a bakin mota. Uwargida ta ce, "Malam, wannan dabba dai ba za ta zauna kusa da yarana ba, ga dalala ga kaska." Maigida ya duba agogo ya ce, "To Hajiya, a sa shi a kofur mana, ai tafiyar yini ɗaya ce." Shawarar ba ta ɗauki minti guda ba, amma tana iya kashe karen tun ba a kai Dogon Dutsi ba. Da kuma an bi ra'ayin yaran, aka bar shi sake a kujerar baya, da rayukan mutane biyar ne aka sa cikin hatsari. Tsakanin waɗannan kurakurai biyu ne maganar filin nan ta wannan mako take.

Wanda zai ce me ya haɗa Musulmi da ɗaukar kare a mota, sai a tuna masa cewa shari'a ta yarda a ajiye kare domin farauta da kiwo da tsaron gona, kuma malamai da yawa sun yi ƙiyasin gadin gida a kan haka. Malaman Malikiyya, mazhabar da akasarin mutanen ƙasar nan ke bi, sun tafi a kan cewa duk abu mai rai tsarkakakke ne, har da yawunsa, kuma wanke ƙwaryar da kare ya sa baki a ciki sau bakwai bin umurni ne, ba don najasa ba. Bugu da ƙari, hadisai ingantattu sun ba da labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, da na matar da aka yi wa azaba saboda ta kulle kyanwa har ta mutu. Ke nan ɗan kasuwar da ya ajiye kare yana gadin mangazarsa, da mafarauci, da ma'aikacin da ya ajiye shi a ƙofar gida, duk sun ɗauki amana. Amanar ba ta ƙarewa a ranar da aka tashi ƙaura.

Abin mamaki shi ne, motar da ta fi dacewa da wannan aiki tun asali domin karnuka aka ƙera kakarta. A ƙarni na 19, masu hannu da shuni na Ingila da Faransa suna da wani irin keken doki mai faɗin baya da suke fita farauta da shi, yana ɗaukar mafarauta da bindigoginsu da karnukansu. Daga sunan wannan keke ne Faransawa suka samo kalmar da suke kiran mota mai dogon baya da ita, wadda direbobinmu ke cewa birek. Peugeot 504, wadda ta fito a 1968, an yi mata samfurin dogon baya a 1971, kuma tun daga tsakiyar shekarun 1970 aka yi ta harhaɗa 504 a Kaduna har tsawon shekaru kusan talatin. Duk wanda ya yi tafiya a tasha a wancan zamani ya san ta. Yau Toyota ce ta cika hanyoyi, amma darasin bai sake ba: siffar bayan mota ita ce abin dubawa, sunan kamfani ya biyo baya.

Siffofi uku, hukunci uku

Motocin da iyali ke hawa a ƙasar nan ba su wuce iri uku ba. Na farko ita ce ƙaramar mota mai rufaffen akwatin baya, wanda ake kira kofur. Wannan akwati domin kaya aka yi shi. Ba shi da taga, iskar da ke sanyaya fasinjoji ba ta kai masa, yana zaune a saman bututun hayaƙi, kuma a tsohuwar motar da robar murfinta ta cinye, hayaƙin yana samun hanyar shiga. A cikin hayaƙin akwai wata iska mai guba, marar wari marar launi, da ke kashewa cikin barci. Mafi muni, direba ba ya ganin dabbar, ba ya jin ta, sai ya buɗe murfi ya tarar da abin da ya tarar. Saboda haka hukuncin kofur ɗaya ne: ba a sa mai rai a ciki, ko tafiyar ta unguwa zuwa unguwa ce. Wanda irin wannan mota kaɗai gare shi, mazaunin karensa kujerar baya ce, a ɗaure, ko kuwa ƙasan kujerar, cikin keji, in karen ƙarami ne.

Na biyu ita ce a-kori-kura, wadda ake kira bashe tun zamanin Peugeot 404, irin su Hilux a yau. Mafarauta sun fi kowa amfani da ita, kuma ga ido kamar ta fi dacewa, tun da iska ta wadata. Sai dai daɓen bayanta ƙarfe ne, kuma ƙarfen da ranar Afrilu ta buga yana ƙona tafin kare kamar yadda zai ƙona ƙafar mutum. Kare sake a baya yakan yi tsalle in ya hangi zomo ko wani kare, ko kuwa rami ya cillar da shi kan kwalta. Wanda aka ɗaure da igiya a wuya ya fi shiga uku, domin in ya faɗa ta gefe rataye shi igiyar za ta yi, motar na jan sa direba bai sani ba. In dole sai bashe, to a sa keji a jingine da bayan ɗakin direba, a ɗaure shi da ƙarfen mota ta kusurwa huɗu, a shimfiɗa katako ko tabarma a ƙasa, a yi masa rumfa daga sama, a bar gefuna a buɗe.

Na uku ita ce mai dogon baya, ko birek ce, ko manyan nan masu tudu irin su RAV4 da Land Cruiser. Fifikonta guda ne, amma babba: wurin kaya da wurin mutane ɗaki ɗaya ne, iskarsu ɗaya, direba yana ganin karen ta madubi, kuma jinginar kujerar baya ta raba shi da yara. Uwargida ta samu abin da take so, kare ma ya tsira.

Abin da mai saye zai auna

Wanda ya tafi sayen irin wannan mota, ya tafi da ma'auni a aljihu. Ƙa'idar ita ce karen ya iya tsayuwa ba tare da ya sunkuyar da kai ba, ya iya juyawa, ya iya kwanciya ya miƙe ƙafafu. Karnukan ƙasar nan dogaye ne ko da ba su da nauyi. Karen Azawak, na makiyayan arewacin Tawa da ƙasar Mali, wanda aka fara kai shi Turai a wajajen 1970 har ya zama abin alfahari a can, namijinsa yana kai santimita 64 zuwa 74 a kafaɗa, alhali nauyinsa bai wuce kilo 20 zuwa 25 ba. A ƙara wuya da kai a kan wannan, sai a ga ba kowace mota ce za ta ɗauke shi ba. Motoci da yawa na zamani an zubo da gilashinsu na baya domin ado, ta yadda wurin yana da faɗi a ƙasa amma ya tsuke a sama. Saboda haka a auna tsayin a bakin ƙofar baya, inda ya fi gajarta, kada a auna a tsakiya.

Abu na biyu shi ne tudun bakin ƙofa. Birek tana kusa da ƙasa, kare yana hawa da kansa. Manyan motoci masu tudu kuwa, tsohon kare ko karya mai ciki sai an ɗaga su, ko a jingina katako su taka. Abu na uku, a duba ko akwai zobban ƙarfe a daɓen wurin kaya, waɗanda ake ɗaure kaya da su. Na huɗu, a kunna na'urar sanyi, a zauna a can baya a ji ko iskar tana isowa, domin a motoci da yawa gaba na sanyi baya na dahuwa. Na biyar, mai niyyar sayen mota mai layin kujeru uku, irin familiyal ta da, ya sani cewa in aka cika kujerun da mutane, abin da ya rage a baya bai isa kare ba, kuma wurin ne ke fara lotsewa in wata mota ta bugo daga baya.

Dalilin ɗaurewa

Mutane da yawa suna ganin ɗaure kare a mota tsirfa ce ta Turawa. Lissafi bai goyi bayansu ba. Motar da ta yi karo tana gudun kilomita 50 a sa'a, duk abin da ke cikinta da ba a ɗaure ba yana ci gaba da wannan gudun har sai ya bugi wani abu, kuma bugun daidai yake da na faɗowa daga tsayin mita 10. A gudun kilomita 90, wanda ba a ɗauke shi komai ba a kan hanyar Ƙonni, tsayin ya haura mita 30. A 2008 ƙungiyar masu motoci ta Jamus, ADAC, ta yi gwaji da mutum-mutumin kare mai kilo 22 a gudun kilomita 50, ta tarar yana bugun abin da ke gabansa da ƙarfin da ya wuce kilo 500. Abin da ke gabansa kuwa, a motar iyali, ƙeyar yaro ce ko wuyan direba. Ba ma sai an yi karo ba: jaki ya tsallako hanya, a taka birki da ƙarfi, ya isa. Ga kuma karen da ya tsorata ya kutsa ƙarƙashin ƙafafun direba, tsakaninsa da birki.

Shi ya sa a Ingila ƙa'ida ta 57 ta littafin dokokin hanya ta ce a tsare kare a mota yadda ba zai ɗauke hankalin direba ko ya ji wa wani rauni ba. A Jamus doka tana ɗaukar dabba a mota tamkar kaya, wanda wajibi ne a ɗaure. A Faransa kuwa jandarmomi suna kafa hujja da ayar da ta wajabta wa direba ya kasance a kowane lokaci cikin halin sarrafa motarsa ba tare da wani abu ya tare shi ba. Kamfanoni ma sun ga ciniki a nan: a 2017 Nissan ta nuna wani samfurin X-Trail da aka shirya bayansa domin karnuka, har da matakala da abin wanka. Magidancin Tasawa ba ya bukatar wannan duka. Abin da yake bukata mai walda na unguwa yana iya yi.

Hanyoyin tsarewa uku ne. Mafi aminci ita ce keji mai ƙarfi, a ajiye shi a gicciye, a manne da jinginar kujerar baya, a ɗaure shi da zobban daɓe. Kada ya yi girma ainun, domin keji mai faɗi da yawa wuri ne da za a yi ta wurgi da karen a ciki. Ta biyu ita ce ragar ƙarfe da ke raba wurin kaya da na mutane, daga daɓe ko daga kan jingina har rufi. A nan ne araha ke cutarwa: ragar da aka tokare kawai tsakanin sama da ƙasa tana ficewa a bugu na farko, ta zama makami. Maigida ya tsaya a kan mai walda ya ɗaure ta da kusoshi a jikin mota, ya goge duk wani kaifi, ya matse ramukanta yadda kai ko ƙafa ba za su shiga ba. Ta uku ita ce ɗamarar ƙirji da ake haɗawa da ɗamarar kujerar baya, a gajarce igiyar. Ba a taɓa ɗaure kare ta wuya a mota, ba a kuma sa shi a kujerar gaba, inda jakar iskan nan mai fashewa lokacin karo za ta iya hallaka shi. Wata dabara da ba ta cin ko dala: in babu kowa a kujerar baya, a ɗaura ɗamarunta duk da haka, suna ƙara wa jinginar ƙarfi.

Kada a jibga akwatuna da buhuna sake kusa da karen. A ɗaure su, ko a hau da su saman mota. Jarkar esans da matafiya ke riƙewa saboda nisan hanya ba ta zama ɗaki ɗaya da mai numfashi. Game da tsabta kuwa, tabarmar roba mai ɗagaggen baki da tsohon bargo a kanta sun isa, a fitar a wanke bayan tafiya. A yi wa karen wanka da maganin kaska da ƙuma kwana biyu ko uku kafin a tashi.

Zafi, babban makashi

A ƙasar nan karo ba shi ne ya fi barazana ga kare a mota ba, rana ce. Kare ba ya gumi kamar mutum, sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa. Da haki yake fitar da zafin jikinsa. Zafin jikinsa na lafiya digiri 38 zuwa 39 ne, in ya haura 41 ya shiga hatsari. In iskar da yake shaƙa ta fi jikinsa zafi, amfanin hakin yana raguwa. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2005 ya nuna cewa motar da aka ajiye a rana, zafin cikinta yana ƙaruwa da kimanin digiri 22 a sa'a guda, kashi 80 cikin ɗari na ƙarin a rabin sa'ar farko, kuma sassauta gilashi kaɗan ba ya canza komai. A Tawa ko Maraɗi, inda zafin Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40 a inuwa, mai karatu ya yi lissafin da kansa. "Bari in shiga banki in fito," ko "bari mu yi azahar mu ci abinci," ya ishe shi. Kamfanin Tesla ya sa wa motocinsa wani tsari a 2019 da ke barin sanyi a kunne domin kare bayan direba ya fita. Wanda ba shi da irin wannan, dokarsa ita ce in ya fita, karen ma ya fita. Wannan doka ta fi wajaba a kan jariri, wanda jikinsa ke ɗaukar zafi da sauri fiye da na babba ninki uku zuwa biyar.

Alamomin bugun zafi su ne haki mai tsanani, da dalala mai kauri, da jan harshe, da tangaɗi, da amai. Wanda ya ga haka kada ya ce sai an kai gari. A tsaya nan take, a kai shi inuwa, a kwarara masa ruwa mai sanyi a jiki, musamman ciki da cinyoyi, a yi masa fifita, a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan in yana iya sha, sa'an nan a nemi likitan dabbobi. Karnukan Turai masu kaurin gashi ko gajeren hanci, waɗanda wasu attajirai ke saye da tsada, sun fi na gida saurin faɗuwa.

A kan hanya

Hanyar Yamai zuwa Damagaram ta yi wa matafiyi gata, domin garuruwanta sun jeru kusan tafiyar sa'a biyu-biyu: Doso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni, Madawa, Maraɗi, Tasawa. A kowanne a tsaya, a sa wa karen igiya tun kafin a buɗe ƙofa, a ba shi ruwa, ya taka ƙasa a inuwa. Karen da ya kuɓuce a baƙon gari da wuya a sake ganin sa. A tashi da asuba, a huta da tsakar rana. Kada a cika masa ciki kafin tafiya. A ba shi abinci sa'a uku ko huɗu kafin a tashi, domin karnuka ma suna amai a mota, musamman ƴan kwikwiyo. Wanda bai taɓa hawa ba, a saba masa tun da mako biyu: yau ya zauna a ciki mota na tsaye, gobe a zaga unguwa. Kada a bar shi ya leƙo da kai ta taga, ƙura da tsakuwa suna lalata ido. In karen mai faɗa ne, a riƙe takunkumi saboda shingen jandarmomi da ƴan sanda, amma irin mai kama da kwando wanda ke barin sa ya buɗe baki ya yi haki. Wanda ke ɗaure baki ruf a cikin zafi kisa ne.

Saura takarda guda, wadda ta fi duk ƙarafan nan muhimmanci: katin allurar rigakafin haukar kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutane kimanin 59,000 a shekara, kusan dukkansu a Afirka da Asiya, kuma kashi 40 cikin ɗari yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunta sun bayyana babu magani. Ana fara yi wa kwikwiyo allurar yana da wata uku, a riƙa sabuntawa yadda likitan dabbobi ya tsara. Wanda ya rufe karen da ba a yi wa allura ba a ɗaki ɗaya da ƴaƴansa yini guda, ya kuma kai shi sabon gari, ya yi ganganci sau biyu. In tsautsayi ya sa kare ya ciji wani ko ya yakushe shi, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a tafi asibiti a ranar, kada a jira a ga hali.

Akwai masu ganin duk wannan wahala ce, sai su tafi su bar karen a titi. Irin waɗannan karnuka ne ke komawa bola, su haɗu da marasa allura, daga baya su ciji ƴaƴan maƙwabta. Wanda ba zai iya ɗauka ba ya nemi amintaccen da zai riƙe, ya miƙa masa da katin allurarsa. Wanda zai ɗauka kuwa, abin da ake nema gare shi bai fi ƙarfinsa ba: mota mai dogon baya in da hali, raga ko keji da aka ɗaure da kyau, jarkar ruwa, da ƙudurin cewa ba za a bar mai rai a rufaffiyar mota a rana ba. Ma'aikacin nan na Yamai, da ya kai motarsa wurin mai walda mako guda kafin takardarsa ta cika, da ba a yi gardamar asuba a bakin mota ba.

Allah ya kiyaye hanya, ya sauke kowa lafiya. Sai mako mai zuwa.